Kufan tsibirin Hirta ya tsaya min a rai

Wani labari da na karanta kan yadda ƙauyen tsibirin Hirta da ke Sikotilan ya zama kufai ya taɓa ni ƙwarai. Mutum 36 kacal suka rage da aka kwashe su a Agustan 1930, kuma su da kansu suka roƙi gwamnati ta fitar da su, don matasa sun watse, ga cuta ga ƙarancin abinci. Ni dai rumbunan dutse sama da 1,000 da mutanen tsibirin suka gina suna adana naman tsuntsayen teku a ciki ne suka fi ba ni tausayi. Kowane dutse hannu ne ya ɗora shi. Na so marubucin ya bi sawun jikokinsu. Mutanen da tsibirinsu ba bishiya ko ɗaya, aka kai mazansu aikin gandun daji. Ya suka ƙare?