Zinaren Sallah a Agege

Cincin ne ya ja min. Duk ƙaramar Sallah nakan soya cincin da dubulan in zuba a 'yan robobi in raba wa maƙwabta a layinmu na Agege, Hausawanmu da Yarabawanmu. Bana sai na ce robar nan ba za ta fita haka tsirara ba, sai da kati. Ba kuma katin shago ba, na hannu, irin wanda na gani a waya: mace ta danna hatimi a takarda, ta barbaɗa wani gari, ta kara masa zafi, sai ga rubutu ya taso ya yi tudu yana ƙyalli kamar an ɗora zinare. Bidiyon minti ɗaya ne. Ni kuwa goman ƙarshe na azumi ya cinye min.

Na sayi hatimin roba garai-garai mai furanni, irin wanda ake mannawa a ɗan bulon filastik don mutum ya ga inda yake dannawa. Na sayi tawadar VersaMark, wadda ba ta da launi, aikinta kawai danƙo da jinkirin bushewa don gari ya samu wurin kamawa. Sai kwalba biyu na garin zinare, wanda ba zinare ba ne, filastik ne aka niƙa lukui, zafi ke narkar da shi. Takarda kuwa har Shomolu na je, sansanin masu buga takardu, na sayo mai kauri, giram 300, na rungumo ta a danfo kamar jaririya. Abu ɗaya na tsallake, 'yar bindigar zafin nan da ake narkar da garin da ita. Da na ji kuɗinta sai na ce zafi ai zafi ne, a Legas ma kyauta ake raba shi.

Hatimin fure akwai, na "Barka da Sallah" ne babu. Bayan tarawihi na ɗauko sabuwar kilinar yarona da reza, na zauna ina sassaƙa harafi ɗaya-ɗaya har sahur ya kusa. Na shafa tawadar biro don gwaji, na danna, na ɗaga. Kalmomin nan suka juya min baya suka kama hanya daga dama zuwa hagu, har "d" ta koma "b". Hajiya, surukata, da ta zo daga Kano yin azumi tare da mu, ta karɓi takardar ta nisanta ta da idonta.

"'Yar nan, ashe kin iya ajami?"

"Boko ne, Hajiya."

"To wannan bokon ya yi makarantar allo."

Ashe hatimi a juye ake yanka shi, yadda madubi zai nuna shi, sai ya faɗi daidai a takarda. Duk mai yanka hatimi a bakin titi ya san wannan. Washegari na kai wa ɗaya daga cikinsu ya yi min na gaske, ya kuma roƙi in bar masa kilinar tawa, wai zai riƙa nuna wa yaran da ke koyon aiki.

Sai batun gari. Abin da bidiyo ba ya faɗa shi ne matar nan tana zaune ne a ɗaki mai sanyi. Ni kuwa dole in kashe fanka, don garin ba ya shiri da iska ko kaɗan. Falon Agege ba fanka, da rana, ga azumi. Kafin in gama kati ɗaya gumi ya wanke ni, kuma duk inda yatsana ya taɓa, gari ya bi ya manne, har katin farko ya fito da zanen babban yatsana ɓaro-ɓaro kamar na je rajistar zaɓe. Daga baya na gane dabarar: a fara goge takardar da ɗan ƙullin garin sitaci a cikin tsumma mai laushi, a riƙe ta ta gefe-gefe, a barbaɗa garin a kan farar takarda don a mayar da ragowar cikin kwalba, sannan a ɗan ƙwanƙwasa bayan katin. Wanda ya yi taurin kai a share shi da siririn burushi. Nan dai na ci nasara. Kati goma sha biyu na jere a tabarma, kowanne da rubutunsa kamar yashi, suna jiran zafi.

Na ɗauko dirayar gashina. Ina kunnawa "Barka da Sallah" ya tashi sama gaba ɗaya. Diraya iska ce da ɗan ɗumi, bindigar kuwa zafi ce da 'yar iska, wannan ne duk bambancin, kuma na koye shi ne a fuskar Hajiya da ke lazimi a gefe. Hijabinta, girarta, carbinta, komai ƙyalli yake. Ba ta katse lazimin ba. Ido kawai ta ɗago ta kalle ni, ni kuwa gara a ce zagina ta yi. Ranar har kunun buɗa-baki sai da ya yi walwali.

Wata ƙawata a Idi-Araba ta ji tausayina ta aiko min da bindigar da aka kawo mata tsaraba daga Amurka, ba ta taɓa kunnawa ba. Ban duba 'yar takardar da ke jikinta ba. Wutar can 110 ce, tamu 220 da ɗoriya. Ta yi wani kuka kamar babur zai tashi, ta yi ja, ta ce fat, hayaƙi ya biyo baya. Har yau idan muka yi waya da ƙawar nan, gaisuwarmu ba ta wuce lafiyar yara.

Saura kwana biyu Sallah na koma ga dutsen guga. Da na kara bayan katin kusa da shi, da an wuce wurin. Ni kuwa na kife shi a kan rubutun na danne, kamar ina gugar ɗankwali. Da na ɗaga, kati ya tashi fayau, rubutu ya ƙaura ya koma gindin dutse. Na ce bari ya huce in kankare. Aka kira magariba, na jingine shi a bayan ƙofa, shi ke nan na manta.

Abin da ya fitar da ni kunya a ƙarshe kaskon suya ne. Na ɗora shi ba mai a kan gas, na rage wuta, na riƙe kati da abin juya awara a samansa, zafi na bugunsa ta ƙasa. Da fari shiru. Can sai gefen "B" ya yi duhu, ya jiƙe, ƙyalli ya kama ya bi layin harafin yana tafiya kamar wutar daji, har ya kai "h" ta ƙarshe. Wallahi sai da na yi guɗa. Amma da zarar ya yi sheƙi a janye, in aka ƙara ko kaɗan sai zinaren ya nutse cikin takarda ya dusashe, takardar ta lanƙwashe ta yi ruwan ƙasa. Bakwai na tsira da su, dukkansu suna ƙamshin cincin. Iya, mai gidan da muke haya, ta karɓi nata ta shinshina, ta tambaya ko ana ci.

Ranar Sallah bayan asuba Maigida ya ga babbar rigarsa, farar shadda, ta ɗan yamutse a baya. Ya jona dutse, ya bari ya yi zafi sosai, ya ɗora. Yana ɗorawa aka ɗauke wuta. Ya yi tsaki, ya rataye rigar a duhu, da gari ya waye ya zura ya tafi Idi da yara.

Wajen ƙarfe goma ya dawo yana mamaki.

"Uwargida, bana mutanen Agege sun yi kirki. Duk wanda ke bayana sai ya dafa ni ya ce, 'Mu ma barka, Alhaji.' Har wani ya tambaye ni inda aka yi min aikin."

"Wane aiki, Alhaji?"

Ya juya zai cire hula. Tsakanin kafaɗunsa, cikin siffar gindin dutsen guga, ga shi nan da zinare, ya ɗan caɓe amma daga hagu zuwa dama tsaf. Na nemi hanyar kicin. Hajiya ta gyara zaman tabarau, ta leƙa bayan ɗanta.

"Yauwa, 'yar nan. Wannan kam ya karantu."