Alhaji Da Tekun Da Ya Ƙi Tsayawa

ALHAJI: Kai yaro, mene ne wannan akwatin da kowa yake cusa wa tikitinsa a baki?

ƊAN BOKO: Kawu, injin buga hatimi ne. Tikitin takarda na jirgin ƙasa na yanki a Italiya sai an saka shi a ciki ya buga masa rana da lokaci kafin a shiga, idan ba haka ba ana ɗauka mutum yana nufin ya sake amfani da shi ne.

ALHAJI: Tikitin da na saya da kuɗina, shi ne zan miƙa wa ƙarfe ya tauna? Ni ban yi kama da wanda zai hau jirgi sau biyu da tikiti ɗaya ba. Duk wanda ya dubi fuskata ya ga hatimi.

HAJIYA: Alhaji, mu dai mun buga namu.

ALHAJI: Ku kuka sani. Ni za a koya wa jirgin ƙasa? Na shiga wanda yake bi ta ƙarƙashin ruwa daga Ingila zuwa Faransa, kuma tun daga farko har ƙarshe ina kallon kifaye ta taga.

HAJIYA: Barci ka yi tun daga Landan har Faris.

ALHAJI: Rufe ido na yi domin in yi nazarin abin da na gani.

Jirgin ya shigo tashar La Spezia, jama'a suka yi masa caa, kowa da jaka a baya da waya a hannu. Alhaji ya tsaya yana jiran a nuna masa kujerarsa, sai Ɗan Boko ya bayyana masa cewa a irin wannan jirgi ba a keɓe wa kowa wurin zama, domin duka tafiyar zuwa Levanto kimanin rabin sa'a ce, kuma a tsakani jirgin yana tsayawa a garuruwa biyar na Cinque Terre, wato Riomaggiore da Manarola da Corniglia da Vernazza da Monterosso.

ƊAN BOKO: Kawu, ka zauna a hagu. Tunda arewa maso yamma muka nufa, teku zai kasance a hagunmu.

ALHAJI: Mutum mai daraja ba ya zama a hagu.

ƊAN BOKO: A dama babu abin da za ka gani sai bangon dutse.

ALHAJI: To bangon ma ai na Turai ne. Kuma idan tekun yana da ladabi, zai zagayo.

Tekun bai zagayo ba. Bayan da Alhaji ya ƙare wa bango kallo, ya tashi da kansa ya koma hagu, yana cewa iska ce ta yi masa yawa a dama, alhali tagogin duka a rufe suke. Ya gyara hula, ya miƙa wa Ɗan Boko waya, ya umarce shi da ya ɗauki bidiyo yadda teku zai fito a bayansa.

ALHAJI: Assalamu alaikum jama'a, masoyana na nesa da na kusa, yau ga ni a gaɓar tekun Bahar Rum, kamar yadda kuke gani a baya... Wane ne ya kashe rana?

ƊAN BOKO: Rami muka shiga, Kawu. Duwatsun nan suna gangarowa tsaye har cikin ruwa, babu filin shimfiɗa layin dogo, shi ya sa aka huda su. Tun 1874 aka buɗe wannan hanya, kuma mafi yawanta a cikin dutse take.

ALHAJI: Tun 1874 har yau ba a samu wanda ya ba su shawara su fito da ita waje ba? Sake ɗauka. Assalamu alaikum jama'a, masoyana na nesa da na...

HAJIYA: Ga shi can! Kai, masha Allah, dubi shuɗi! Ya wuce.

ALHAJI: Me ya wuce?

HAJIYA: Tekun. Kana cikin gaishe da masoya ya leƙo ya koma.

Ya kamata a yi wa Alhaji adalci a nan: tekun wannan hanya yakan leƙo ne kamar amaryar da aka ɗaga wa mayafi aka mayar, kuma wanda sallamarsa take da tsawo ba zai taɓa samun sa ba. Ɗan Boko ya ba da shawarar a taƙaita sallamar. Alhaji ya ce ba zai rage wa masoyansa haƙƙinsu saboda ruwa ba, ya ma ƙara da gaisuwa ga abokan kasuwancinsa ɗaya bayan ɗaya, har jirgin ya rage gudu ya tsaya a cikin duhu.

ƊAN BOKO: Kawu, mu sauka, Riomaggiore ke nan.

ALHAJI: A cikin rami? Jirgi ya lalace dai, ba sa son su faɗa.

ƊAN BOKO: Tashar ce take matse tsakanin ramuka biyu, jirgin kuma ya fi filin tsawo, saboda haka wasu taragai a cikin rami suke tsayawa. Akwai dandamali da fitilu, ga mutane can suna sauka.

ALHAJI: Su sauka. Ni ba a sauke ni a rami ina da rai. Kuma ko da zan sauka, wane ne zai buɗe mini ƙofa?

ƊAN BOKO: Maɓalli ake dannawa.

ALHAJI: To ina mai danna maɓallin?

Kafin a samo mai danna maɓalli, jirgin ya tashi. Alhaji ya fara tsara ƙorafin da zai rubuta wa hukuma, bai gama jimlar farko ba suka isa Manarola, domin tsakanin garuruwan biyu minti biyu ne ko uku. Hajiya ta hango gidaje masu launin ja da rawaya da ruwan hoda a manne da dutse, wani a kan wani, da gonakin inabi da aka yi musu gini hawa-hawa da duwatsu ba tare da siminti ba. Alhaji bai gani ba, saboda wasu baƙi sun cika taragon, kowanne ya ɗaga waya ya tare taga.

ALHAJI: Dubi mutanen nan don Allah. Sun taso daga ƙasashensu, sun biya kuɗin jirgin sama, sun zo sun juya wa teku baya suna ɗaukar fuskokinsu. Wannan ai rashin tunani ne. Yaro, matsa da su, suna shiga mini bidiyo.

ƊAN BOKO: Mazauna garuruwan nan biyar kimanin 4,000 ne, Kawu, amma baƙin da suke zuwa a shekara miliyoyi ne, musamman tun da UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Tsohuwar can da take tsaye da kwando gida za ta, kuma kullum haka take fama.

ALHAJI: Allah sarki. Baƙi ba su da tausayi.

Ya faɗi haka ne yana zaune a kujera ɗaya, jakarsa tana zaune a ta biyu. Sai ga mai duba tikiti. Ta karɓi na Hajiya da na Ɗan Boko ta mayar, ta karɓi na Alhaji ta juya shi gaba da baya, ta yi magana cikin ladabi, ta ciro littafinta.

ALHAJI: Me take cewa? Ta gane ni ne?

ƊAN BOKO: Ta ce babu hatimi, za ka biya tara.

ALHAJI: Gaya mata ta dubi fuskata.

ƊAN BOKO: Ta duba, Kawu. Ta ce ko da kati ma za ka iya biya.

ALHAJI: Ba ta kuɗin. Amma ka bayyana mata cewa kyauta na yi wa gwamnatinsu, domin a taimaka a fito da hanyar nan daga rami. Kuma daga tasha ta gaba na bar musu jirginsu, da ƙafata zan ƙarasa.

ƊAN BOKO: Da wannan silifas ɗin? Tun 2019 hukumar da take kula da gandun ƙasa na Cinque Terre ta hana bin hanyoyin dutse da irin wannan takalmi, kuma tarar tana kamawa daga yuro 50 har 2,500.

ALHAJI: Ƙasar nan ba su da wata sana'a sai tara?

Suka sauka a Corniglia, wannan karon Hajiya ce ta danna maɓalli, Alhaji kuma ya fita yana gyaɗa wa ƙofa kai alamar ta yi abin da ya dace. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ga tasha, ya ga teku a shimfiɗe ba ya gudu, amma bai ga gari ba.

ALHAJI: Ina suka kai garin?

ƊAN BOKO: Ga shi can a saman dutse, kimanin mita 100 sama da ruwa. Akwai ƙaramar bas da take hawa da mutane, akwai kuma matakalar da ake kira Lardarina, mai hawa kusan 380.

ALHAJI: Bas ɗin da ake cusa mutane a tsaye? Ni da nake motsa jiki kowace safiya?

HAJIYA: Daga gado zuwa kujera.

ALHAJI: Ku hau bas ɗinku. Kuma ƙarya ne, matakalar nan ba ta kai 200 ba, da ido na auna ta.

Hajiya da Ɗan Boko suka hau bas, suka zaga garin, suka tsaya a farfajiyar da take kallon teku, inda ake hango Manarola a gefe guda, suka dawo bakin matakala suka zauna. Can sai ga Alhaji ya ɓullo, hula a hannu, babbar riga a kafaɗa, silifas ɗaya a ƙafa ɗaya a aljihu.

ALHAJI: Ɗari biyar... da goma sha biyu.

ƊAN BOKO: Ɗazu ka ce ba ta kai 200 ba, Kawu.

ALHAJI: Ƙara ta suka yi ina tsakiyar hawa. Ni dai na ƙirga 512, kuma haka zan gaya wa masoyana.

ƊAN BOKO: Idan ka faɗi haka za su duba a intanet su ƙaryata ka.

ALHAJI: Intanet ta hau ne? Ni na hau. To tunda gardama kake so, zan sauka in sake hawowa ina ƙirgawa da ƙarfi, kai kuma ka tsaya nan ka ɗauka.

HAJIYA: Alhaji, ka juya ka ga tekun tukuna, ga shi a tsaye yana jiranka.

ALHAJI: Ya jira. Ɗazu da nake neman sa ai shi ma bai tsaya mini ba.

Ya juya ya fara gangarawa yana ƙirga. A hawa na arba'in wani dattijo ya gaishe shi da Italiyanci, Alhaji ya tsaya ya amsa da cikakkiyar gaisuwa har da tambayar iyali, lissafi ya ɓace, ya hawo domin ya faro daga ɗaya.

ƊAN BOKO: Hajiya, Vernazza da Monterosso fa? Rana tana yi.

HAJIYA: Tashi mu je mu gani mu dawo. Ka bar masa wayar a kan dutsen nan tana ɗauka, ba zai lura ba.