Ranar da Gemuna Ya Ƙi Fita

A ƙungiyar wasan kwaikwayon da duk 'yan cikinta mata ne, dole wata ta zama miji. A tamu ni ce. Ba wai na fi kowa iya wasa ba, Allah ne ya yi ni doguwa, ga murya irin ta mai tallan kananzir. Ranar da na fara zuwa, Shugaba ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhamdu lillahi, mun samu Alhaji." Tun daga ranar ban sake hawa dandali da ɗankwali ba. Na yi maigida, na yi alƙali, na yi boka, na yi ɗan kamasho.

Ƙungiyar ta girme ni nesa ba kusa ba. Iyayenmu da suka kafa ta sun ce ta faro ne a zamanin shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda aka ƙaddamar a 1987, lokacin da ake tara mata a cibiyar garinmu ana koya musu ɗinki da saƙa da haɗa sabulu. Wata malamar asibiti takan zo ta yi bayanin ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa, mata kuwa sai gyangyaɗi. Rannan wata tsohuwa ta ɗauki filo ta goya, ta kama kukan uwar da ɗanta ke zawo, wata kuma ta yafa zanen gado ta zama maigidan da ya rantse ba shi da kuɗin sukari. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, kuma ba wadda ta koma gida ba ta haddace awon ba. Tsofaffin ba su ɗauki abin baƙo ba. Sun ce ai tun da can matan gidan sarauta na yin wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa, 'yan mata kuma daga goma ga watan azumi suna tashe, wannan ta yi miji waccan ta yi mata. Mu labule kawai muka ƙara.

Da finafinan bidiyo na Kano suka cika gari bayan 1990, kowa ta samu abin kallo a tsakar gidanta, ƙungiya ta kwanta ta koma adashi zalla. Adashin ne ma ya riƙe ta har 'ya'yan waɗancan matan suka taso suka tashe ta. Sharuɗɗan da mazajenmu suka gindaya kafin su bari guda uku ne, har yau kuma su ne dokarmu: namijin da ya wuce shekara bakwai ba ya shiga, duk waya a kwando take kwana a bakin ƙofa, sannan a tashi kafin kiran magariba.

Wannan na ukun shi ke yanke mana tsawon wasa. Tsakanin la'asar da magariba, in aka cire jiran masu zuwa a makare da rabon wurin zama, abin da ke saura bai fi awa ɗaya da kwata ba. Saboda haka fitowa biyar muke yi, kowace minti goma sha biyar. Ba ma rubuta magana. Shugaba ta ba da jigo, kowa ta san halin da za ta ɗauka, sai a tsayar da jimlar ƙarshe ta kowace fitowa, wadda mai jan labule ke jira. In mai maganar ta manta jimlar, to za a yi ta faɗa a dandali har sai wata ta suma da gangan. Dandalin kansa benci goma sha biyu ne na aro, a jera su, a ɗaure ƙafafunsu biyu-biyu da igiya kafin a shimfiɗa tabarma. Wadda ta yi ƙyuyar ɗaurin za ta gani, domin ana fara kokawar kishiyoyi bencina za su buɗe, ƙafar mutum ta zurma har gwiwa. Labule zanen gado huɗu ne a kan waya, ba igiyar shanya ba, don igiya na saki a tsakiya sai a riƙa hango kawunan masu sauya kaya. Janareto kuma bayan katanga, taku talatin daga dandali, in ba haka ba shi kaɗai za a ji.

Mayar da mace namiji kuwa aiki ne mai tsari, kuma ba a tsallake mataki. Kitso ya zama mai kwanciya, don shuku na tura hula sama. A ɗaure ƙirji da gyale. Tumbin Alhaji ƙaramin filo ne, amma a rataye shi da igiya daga kafaɗa, in a ƙugu aka ɗaure shi kafin fitowa ta uku ya sauka gwiwa. Sai 'yar ciki, wando, babbar riga. Lallen ƙafa safa ke rufe shi, na hannu kuwa ba dabara, sai dai a haƙura da ƙunshi sati uku kafin wasa, wanda a lokacin Sallah ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Hula, sannan rawani, kuma kada a kuskura a fitar masa da kunnuwa biyu, wannan naɗin na gidan sarauta ne, a cikin 'yan kallo kuwa ba a rasa matan fada.

Gemu shi ne uban aikin. Gashin wutsiyar sa ake karɓowa wurin mahauta, a wanke da omo sau uku, in ba haka ba duk wadda ta matso za ta san daga ina ya fito. In ya bushe a tsattsaga shi ƙananan tufka, a ɗinke a jikin ƙyallen gidan sauro da aka yanka daidai haɓa, faɗin yatsa huɗu. Abin liƙawa ƙaro ne: dunƙule uku kamar ƙwallon dabino, a jiƙa a cokali huɗu na ruwan ɗumi ya kwana, da safe ya yi kauri kamar zuma. A goge duk wani mai daga fuska, a shafa, a danne minti biyar. Aibinsa ɗaya ne, ruwa ya haɗa shi, ruwa ke warware shi. Da sanyi yakan kai ƙarshen wasa. Da bazara zufa ba ta ba shi rabin awa. A wasan da ya gabaci wanda zan ba ku labari, ina tsakiyar masifa cewa miya ba nama, sai gemun ya saki ya faɗa kwanon. Wadda ke matata ta tsamo shi da ludayi ta ce, "Ga nama nan ka samu, Alhaji." Wata guda ana tsokanata da wannan magana a gidajen biki.

Shi ya sa da ƙaramar Sallah ta faɗo a watan Afrilu, zafi kamar a gasa gurasa a tsakar gida, na ce ni fa ba zan sake yarda da ƙaro ba. Sai wata yarinya sabuwar shiga, 'yar makarantar sakandare mai rawar kai, ta ce, "Anti, ki bar min wannan." Ta zaro ɗan ƙaramin gam ɗin nan na bututu da ake liƙe takalmi da hannun kofi. Na ce ba ya cutarwa? Ta ce ai ko yatsa ya kama ɓantarewa ake yi. Muka fara da gashin baki, wanda na auduga ne. Tana ɗiga gam ɗin a kai, tun yana hannunta, sai audugar ta ɗau zafi har da ɗan hayaƙi, ta yar da ita tana yarfe yatsu. Ashe irin wannan gam in ya haɗu da auduga zafi yake yi, har yakan ƙona fata. Mai hankali a nan zai tsaya. Mu sai muka ce ai gemun ba auduga ba ne, gidan sauro ne. Ta ɗiga sau shida, ta danna min a haɓa. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ja, na ji kamar da shi aka haife ni. Har godiya na yi mata.

Rigar da na sa ta maigidana ce, shadda mai ruwan toka da aikin aska biyu. Ya tafi ƙauye gaida dangi, ya ce sai gobe. Ban tambaye shi ba, don na san amsar.

Saura minti goma a buɗe labule janareto ya mutu. Ni ce na san halinsa, sai na zagaya ta ƙaramar ƙofar baya, na tarar mai ne ya ƙare, na zuba, na ja ya tashi. Kafin in dawo wata mai tsoron Allah ta sa wa ƙofar sakata. Na buga, ƙarar janareto ta hana a ji. Dole na bi ta babbar ƙofa, inda Baba maigadi ke zaune da gorarsa.

Yana ganina ya miƙe ya rusuna. "Ranka ya daɗe, barka da Sallah. Allah ya maimaita mana." Ya ɗan buɗe tafin hannu. Na ce, "Baba, ni ce, buɗe min." Fuskarsa ta sauya nan take. Ya gitta gorar a ƙofa ya ce, "Alhaji, da girmanka? Ko da wace murya za ka yi, ba ka shiga. Bara ma wani ya zo da hijabi." Na faɗi sunan unguwarmu, na faɗi gidan da nake aure. Ya ce, "To ka san gidan mutane, sai me?" Na ce to bari in cire gemun ka gani. Na kama na ja. Hawaye ya zubo min, gemu ko gezau. Baba ya ce, "Ka gani ko? Allah ba ya barin maƙaryaci." Yara masu yawon Sallah suka fara taruwa, wani na cewa a kira 'yan sintiri. Daga ciki ina jin Shugaba a lasifika tana cewa, "Ina Alhaji? A nemo mana Alhaji!" Baba ya ce, "Ka ji, har sun san ka shigo unguwar."

Abin da ya cece ni lalle ne. Na tuɓe takalmi, na zare safa, na miƙa masa ƙafa ja wur har idon sawu. Ya dubi ƙafar, ya dubi gemun, ya sake duban ƙafar, sai ya kau da kai ya ce, "Subhanallahi. Hajiya, wuce. Amma wallahi wannan sana'a taku sai an yi istigfari."

Na hau dandali ina haki, wanda ya dace da Alhaji mai tumbi. Wasan a kan maigidan da ke ƙwauron kuɗin cefane ne alhali yana neman ta biyu. A fitowa ta biyu, inda matar ke miƙa hannu, na yi abin da ban taɓa yi a gwaji ba. Na yi gyaran murya sau biyu, na juya mata baya, na zura hannu can cikin aljihun 'yar ciki, na ƙirga kuɗin a ɓoye ina lasar yatsa, na mayar da ɗaya, sannan na juyo na ce, "A yi maneji, gari ba daɗi." Wuri ya kaure. Ina juyowa idona ya faɗa layin gaba, kan tabarmar manya. Surukata ce zaune, ta sa tabarau, ba ta dariya.

Maigidana ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna ta san shi a bainar jama'a. Sai kawai ta karkata wajen ƙawarta, da muryar da ta ɗauka raɗa ce, ta ce, "Rigar nan na san ta." Makirufo na kusa da ita. Ta ƙara da cewa, "Tarin ma na san shi." Matan unguwarmu da ke bayanta suka kwanta a kan juna. Sauran fitowa ukun ban san yadda na yi su ba, na dai san gemun bai motsa ba, duk da zufar da ta jiƙa filon har ya yi nauyi.

Aka rufe labule, kowa ta wanke fuska ta koma mace, ni kaɗai na rage. Aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, aka shafa man gyaɗa, aka shafa basilin. Gefe-gefen ya ɗan saki, tsakiya ta ce ba inda za ta. Ma'aji ta ce ruwan goge jan farce na narkar da shi, amma a cikinmu duk 'yan lalle ne, kantin da ke sayarwa kuma ya rufe don Sallah. Yarinyar da ta jawo abin tuni ta sulale. Aka yanke tsawon gemun da almakashi, ya koma irin na ɗan kasuwa mai gyaran fuska, aka ara min niƙabi, na hau Keke Napep ana kiran magariba, rigar a ƙunshe cikin leda.

Na tura ƙofar gida na ga takalminsa. Motar ƙauyen ta samu fasinja da wuri.

Yana zaune a tabarma yana alwala. Ya ce, "Yau kuma niƙabi?" Na ce mura. Ya ce muryar lafiya lau take. Ƙaramin ɗanmu ya rugo ya rungume ni, ya kama niƙabin ya ja. Maigida ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Maigidan ne ka zo nema, ko a yi maka iso wurin uwargida?"

Sai bayan isha'i gemun ya fita. Tsumma a ruwan ɗumi mai sabulu, a ɗora minti goma, a shafa man gyaɗa a bakin da ya ɗago, a murza a hankali da yatsa ba tare da ja ba, a sake. Shi ya riƙe min fitila, yana yi yana gyaran murya sau biyu, sai ya tuna ya fasa. Haɓata ta yi sati tana saɓa. Yanzu ƙaro muke amfani da shi kamar da, sai dai an ɗinka wa gemun siririyar roba da ke zagayawa bayan kunne ta ɓuya cikin rawani, amawali kuma ya tallafe shi ta ƙasa.

Washegari da hantsi Inna ta aiko a kira mata "yaron nan". Ban san abin da aka tattauna ba, ya dai dawo ya ba ni kuɗin cefane yana fuskantata, bai mayar da ko ɗaya aljihu ba. Labari ya zaga unguwa kafin azahar. Zuwa yanzu manyan riguna uku ke rataye a bayan ƙofata, kowace an kawo ta cikin leda da daddare, tare da bayanin yadda mai ita ke tafiya da abin da yake cewa in an tambaye shi kuɗin makaranta. Ɗaya daga cikinsu ta Baba maigadi ce.