Daga Meiji sai Hiroshima: ina aka jefar da shekarun tsakiya?

Abin da ake yi wa ɗaliban babbar sakandare a darasin tarihin Japan ya isa haka. A duba takardun da ake raba musu: shafi ɗaya kan juyin Meiji na 1868 da ya mayar da mulki hannun sarkin Japan, sai a yi tsalle zuwa harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamba 1941, sai bama-baman Hiroshima da Nagasaki a Agusta 1945. Darasi biyu na minti 40, an rufe babi. Ranar jarrabawa kuma a tambayi yaro yadda aka yi sojoji suka ƙwace ragamar ƙasar. Fisabilillahi da me zai amsa?

Amsar tana cikin shekarun da aka tsallake. Tsarin mulkin 1889 ya ɗora sojojin ƙasa da na ruwa kai tsaye a hannun sarki, firaminista da majalisa ba su da iko da su. Ga kuma ƙa'idar da ta ce ministocin rundunonin biyu dole su zama hafsoshin da ke bakin aiki. An sassauta ta a 1913, aka dawo da ita a 1936. Wato idan runduna ta janye ministanta ta ƙi ba da wani, gwamnati ta rushe ke nan. Bayanin minti 10 ne a kan allo, amma babu shi a takardar ko layi ɗaya.

Haka 1925, shekarar da aka ba duk namiji mai shekara 25 damar jefa ƙuri'a, aka kuma kafa dokar kame 'yan gurguzu da masu neman sauya tsarin sarauta. Haka Satumba 1931, da hafsoshin Japan suka tayar da bam a layin dogo kusa da Mukden, wani birni a yankin Manchuriya na arewa maso gabashin Sin, suka ɗora wa Sinawa laifi, suka mamaye Manchuriya ba da izinin gwamnatin Tokyo ba. Ranar 15 ga Mayu 1932 matasan hafsoshin ruwa suka harbe firaminista Inukai Tsuyoshi a gidansa, daga nan mulkin jam'iyyu ya mutu har bayan yaƙi. Yaran da iyayensu suka rayu ƙarƙashin mulkin soja za su kama wannan nan take, in da an koya musu.

Wani abin haushin, ana wannan darasi babu taswira, shi ya sa ɗalibai ke rikita Manchuriya da Mongoliya. Japanawa sunan dangi suke fara faɗa, amma takarda ɗaya za ta rubuta sunan firaminista Hara Takashi a sama, Takashi Hara a ƙasa, yaro ya haddace su a matsayin mutum biyu.

Masu tsara manhaja su ware wa batun nan aƙalla darasi shida, uku daga ciki kan 1918 zuwa 1937 kaɗai. A kafa taswirar gabashin Asiya a bango, a tsayar da tsarin suna guda. Sai an yi haka ne malami zai iya buɗe sashe na 9 na tsarin mulkin 1947, inda Japan ta yi watsi da yaƙi, ɗalibai su gane abin da aka rubuta shi don a toshe.