Tatsar nono a wurin aiki

Wai a ina ake so in tatsi nonon nan? Yau ma ɗakin ajiyar takardu na shige, na tokare ƙofa da kujera, injin tatsar yana ta ƙugi kamar tsohuwar fanka. Minti 20 kacal nake nema duk bayan awa 3. In na makara, ƙirji ya yi tauri, riga ta jiƙe ana tsakiyar mitin. Kuma nono ba famfo ba ne, in hankali a tashe yake ba ya zuba, sai na ƙura wa hoton 'yata ido. Ga masu ƙwanƙwasawa: "Ba ki gama ba?" Ɗan abin da na samu awa 4 kawai yake iya yi in ba a firij ba. Na sa a firij, wani ya fitar min da kwalbar don abincinsa ya samu wuri!