Abin da na rubuta a bayan littafin awo

Shekara 19 ke nan ina ɗinki a Wunti, kuma in akwai sirrin da tela ya riƙe wa mutanen Bauchi, to ƙugunsu ne. Akwai kwastoman da na fara aunawa yana inci 32, yau yana 41, kuma duk Sallah sai ya ce, "Malam, anya tef ɗin nan naka bai shiga ruwa ya tsuke ba?" Mu yi dariya, in ƙara masa yadi. Ni kuwa ban taɓa ɗora tef ɗin a jikina ba sai bara, ranar da na sunkuya ɗaukar almakashi na ɗago ina haki. Na auna daidai cibiya, na ga 40. Tsawona inci 67 ne, alhali shawarar masana lafiya ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Na zarce da inci shida da rabi, ina zaune ina yi wa wasu dariya.

Abin da na fara yi wauta ce, kuma ita nake gani mutane da yawa suna yi. Rana ɗaya na daina karyawa, na daina shinkafa, na daina sukari, na kuma kama wani haɗi da aka turo a WhatsApp: tafarnuwa da citta da lemon tsami da khal, a sha da asuba kafin a sa komai a ciki. Kwana tara na yi. Ranar ta tara ƙirjina kamar an zuba garwashi, hannu na rawa, na yanka shaddar wani bawan Allah ba daidai ba, sai da na biya shi daga aljihuna. Likitan da ya duba ni ya ce gyambon ciki ne, kuma galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac, wanda ni nake haɗiya kamar gyaɗa saboda ciwon baya. Haɗin nan fama ciwon kawai ya yi. Sannan ya tambaye ni, "Malam, cikin abubuwa huɗun nan da ka canza, wanne ne ya amfane ka, wanne ya cuce ka?" Na yi shiru.

Daga nan na koma yin abin irin na teloli. Na buɗe shafukan ƙarshe na littafin awo, na ce abu ɗaya zan riƙa canzawa, in ba shi mako shida. Duk safiyar Juma'a ina rubuta ƙugu, da awon jini da nake yi a kemis, da awannin barci. Sai layi na huɗu, wanda har yanzu yaran shago ba su san da shi ba: sau nawa na daka musu tsawa a mako. Ba ni da wani ma'aunin kwanciyar hankali da ya fi wannan gaskiya.

Sukari na fara taɓawa. Na tsaya na ƙirga hannun mai shayinmu, cokali huɗu yake zubawa kafin madara, ni kuma sau biyu nake sha, ga lemon roba da rana, wanda shi kaɗai yana iya kai giram 50. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini, in ma da hali ya tsaya a 6. Ni kafin azahar na gama da rabon yinin. Da na bari, kwana huɗun farko baki ba daɗi, kai na sarawa. Bayan mako shida inci ɗaya ya tafi.

Azumin Litinin da Alhamis ya biyo baya. Lada muna fata wurin Allah, amma ƙugu ko gezau, don da an kira magariba masa goma nake dannawa da miyar taushe, in bi da kunun gyaɗa. Hadisin nan na kason ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, na san shi tun ina allo, aiki da shi ne ban yi ba.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne na uku, kuma ba don ƙiba ma na yi shi ba. Na daina shan shayi daga la'asar. Ashe sinadarin da ke hana barci a ganyen shayi da kofi yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ni kuwa ƙarfe goma na dare nake shan mai kauri a majalisa, in dawo in kwanta da waya a hannu har ɗaya. Barcina ya tashi daga awa biyar zuwa kusan bakwai. Tsawar da ta kai 11 a mako ta dawo 3. Uwargida ce ta fara lura, ta ce, "Baban yara, ko an biya ka wani bashi ne ban sani ba?" Shekaru ina ɗauka zafin rai halina ne na gado. Ba na cewa barci yana maganin ciwon damuwa. Wannan ciwo ne na asibiti, kuma masu ce wa mai shi "rashin tawakkali ne" su ji tsoron Allah. Nawa dai gajiya ce ta taru.

Wahalar duk ba ta yunwa ba ce, ta mutane ce. A majalisa an ce ciwon suga ya kama ni ina ɓoyewa. Da na fara takowa shago da ƙafa, tafiyar minti 25, wani ya tsayar da keke-napep zai biya min, wai ya ga alamar abubuwa sun tsaya.

Abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu shi ne wani maƙwabcinmu dattijo. Ya ga bidiyon wani da ya ce zoɓo da zogale sun raba shi da hawan jini, sai ya ajiye ƙwayoyinsa, tunda ba ya jin ciwon komai. Hawan jini kuwa haka yake, mutum na iya haura 140 bisa 90 yana yawonsa lafiya lau. Yau ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi. Wataƙila mai bidiyon bai yi ƙarya a kan jikinsa ba, zoɓo yana ɗan sauke jini, amma awon wani ba a yanka wa wani riga da shi. Ka gwada a kanka abin da ba zai kashe ka ba, sukari, barci, tafiya, ka rubuta. Maganin da likita ya ɗora ka a kai kuwa, ba kai kaɗai za ka yanke hukuncinsa ba, balle ka yanke wa baban wani.

Yanzu ina inci 37. Wannan watan gishiri da magi nake so in taɓa, don abin da aka yarda wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, wajen cokalin shayi guda. Na kai wa uwargida maganar a mayar da miya ta daddawa zalla, ta dube ni ta ce tukunya ɗaya take ɗorawa a gidan nan, in ina son tawa daban ga murhu can.