Rufin Fulorida da Rufin Gida: Maganar Ɗauri Ce

A jihar Fulorida ta Amurka, inda nake zaune, kowa ya san ranar 1 ga Yuni. Ranar ce lokacin mahaukaciyar guguwa ke kamawa a tekun Atlantika, ba ya fita sai 30 ga Nuwamba, ƙarfinsa kuma yana tsakanin Agusta da Oktoba. Tun cikin bazara za ka ga tsani jingine da gidaje, ana sare rassan da suka rankwafo a kan rufi, ana kwashe busasshen ganyen da ya toshe magudanar ruwa. A daidai lokacin ne mu ma a gida, ƙasar Hausa, hadari ke fara haɗuwa a gabas, iskar farkon damina ta zo da ƙura, washegari a ji an ce ta yaye kwanon makarantar firamare da gidaje kaza. Kuma akwai dangantaka ta gaske tsakanin biyun: da yawa daga cikin manyan guguwar da ke dukan Amurka daga hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma suke samo asali, su faɗa teku, su yi ta ƙara ƙarfi a kan ruwa mai ɗumi.

Abin da ya fi burge ni game da mutanen Fulorida ba kuɗinsu ba ne. Abin da suka yi ne bayan guguwar Andrew. A ranar 24 ga Agusta, 1992, ta afka wa garin Homestead a kudancin Mayami da iskar da ta haura kilomita 260 a awa, ta rushe gidaje fiye da 25,000. Bayan an gama jaje, sai masana gini suka shiga cikin tarkacen suna ɗaga katako ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar da faffaɗan katakon rufi da aka kama da 'yar waya irin ta maƙale takarda maimakon ƙusa, suka tarar da ƙusoshin da suka kuskure katakon ƙasa suka tsaya a iska. Wato gidaje da dama tun ranar da aka buga rufinsu aka gama da su, guguwa ta zo ne kawai ta bayyana aikin. Daga nan aka tsaurara dokar gini a kudancin jihar a 1994, sannan a 2002 dokar gini guda ɗaya ta fara aiki a duk faɗin Fulorida. Doka ta sauko har kan ƙusa: irinta, tsawonta, da tazarar da za a bari tsakanin wata da wata.

Iska ba turo rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta samansa da gudu sai ta riƙa tsotsarsa sama, ta fara daga kusurwa da bakin rufi. In kuma taga ta fashe ko ƙofar gareji ta ɓalle, iskar da ta shiga ciki ta turo daga ƙasa, rufi ya tashi gaba ɗaya. Shi ya sa mai duba gida a nan ba ya tsayawa a waje yana kallon kyan rufi. Cikin silin yake kutsawa da tocila, a cikin zafin da ke sa gumi ya jiƙe riga nan take, yana haska inda katako ya zauna a kan bango. Wani ɗan ƙarfe yake nema, wanda ya rungumi katakon ya ɗaure shi da ginin, yana ƙirga ƙusoshin da ke jikinsa. Yana duba ko ƙusar rufin mai gargada ce a jiki, wadda ba ta zarewa da sauƙi, ko an buga ta inci shida-shida, ko an shimfiɗa leda mai danƙo a ƙarƙashi domin ko saman ya tafi ruwa kada ya shiga. Rufi mai gangara ta fuska huɗu ya fi samun yabo a kan mai fuska biyu. Takardar da zai rubuta ita ke rage wa mai gida kuɗin inshora. Gwamnatin jiha ma tana da shiri mai suna My Safe Florida Home, da ke duba gida kyauta, ya kuma taimaka da kuɗin gyara har dala 10,000.

Ɗan ƙarfen nan fa ba baƙonmu ba ne. Langalanga ce. Duk tsohon kafinta a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san a binne rodi ko langalanga a cikin linta, a naɗe ta a jikin katako, a lanƙwashe. Maginan gargajiya sun san amfanin rawanin da ke ɓoye bakin rufi ta yadda iska ba ta samun inda za ta sa hannu. Kafin kwano ya yawaita, babu mai gidan da damina za ta same shi bai hau soro ba: a duba azara ko gara ta ci, a cike tsaga, a yi yaɓe, a gyara indararo. Ba hukuma ce ke tuna masa ba, kakansa haka ya yi.

Da muka koma kwano sai muka ɗauka an huta da hawa sama. Kuma rufi yakan zo ne a ƙarshen gini, lokacin da aljihu ya riga ya bushe. Sai a sayi katako tu-bai-tu ɗanye, a ƙara tazara domin ya isa, a sayi kwano mafi siriri, a ce wa kafinta ya yi dabara. Shi kuma ya yi, don in ya ƙi akwai wani. Ƙarshenta a ɗora tayoyi da bulo da duwatsu a sama, waɗanda in iska ta yi ƙarfi su ma su zama abin jifa. Muna da dokar gini ta ƙasa a Najeriya tun 2006, amma wa ke hawa ya duba rufin ajin da ɗan kwangila ya miƙa? Iska ta yaye shi, a ce iftila'i, hukumar agaji ta kawo bandir ɗin kwano da ƙusa, a mayar da shi yadda yake a da. Iftila'i ne, na yarda, kuma Allah ya kiyaye mu. Amma tun ran gini ran zane, kuma yaran da ke zaune ƙarƙashin wannan kwano 'ya'yanmu ne. Wannan ke ci mini rai, domin iskarmu ba ta kwana tana busawa kamar ta nan. Da ɗauri mai kyau, yawancin rufinmu zai tsaya.

Ba na cewa nan aljanna ce. Inshora ta zama wa mutane ƙaya. Kamfani kan ce rufinka ya tsufa, ka sake shi ko su janye, kuma sabon rufi dubban daloli ne. Ko guguwa ta yi maka ɓarna, kai za ka fara biyan kason farko: kashi 2 cikin 100 na gidan dala 300,000 dala 6,000 ke nan daga aljihunka. Bayan guguwar Ian ta Satumba 2022, unguwanni a yankin Fort Myers sun shafe watanni da shuɗin tamfol a kan gidaje, tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi suna jiran kuɗin da bai zo ba. Sababbin gidaje sun fi jure iskar, amma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ruwa ne ya ci su, abin da rufi ba ya karewa. Sannan babu gayya. A unguwarmu in rufin gwauruwa ya tashi da dare, kafin azahar matasa sun hau da guduma. A nan sai ka jira ɗan kwangila mai lasisi, ka jira izini, ka jira layi.

Mu da ke aika kuɗin gini daga waje muna da hannu a wannan. Hoton fenti da tayil muke nema a turo mana. Kafin a rufe silin, a ce wa ɗan uwan da ke kula da aikin ya hau tsani ya ɗauko hoton kowace kusurwa, a ga langalanga ta naɗe katako ta shiga linta, a ga ƙusar kwano an lanƙwashe ta daga ciki, a ga an ƙara yawanta a bakin rufi. Tsohon gida kuma a hau shi a watan Maris ko Afrilu, a canza katakon da gara ta ci, a sake buga kwanon da ya fara kaɗawa. Haka ma kwamitin iyayen yara ya nemi ganin ɗaurin rufin aji kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa.